Yadda Ake Haɗa Farar Ƙasa a Shafa wa Bango Ta Kama, Ba Ta Goge a Riga Ba

A unguwannin Kumasi irin su Aboabo, Sawaba ko Sabon Zango, idan aka ce za a shafa wa gida farar ƙasa, nan da nan wani zai ce ai fentin talaka ce, wadda in ka jingina sai ka tashi da farin baya. Laifin ba nata ba ne. Abin da aka saba yi shi ne a sayo gari da safe, a dama shi da kauri, a lafta wa busasshen bango da tsakar rana, kafin la'asar an wanke bokiti an tafi. Wannan aikin dole ya goge. Fentin gwangwani bushewa kawai yake yi. Ita kuwa farar ƙasa komawa dutse take yi a jikin bango, kuma ba ta iya yin haka sai da laima, da shafi marar kauri, da kwanaki. Duk matakan da ke ƙasa daga nan suka fito, don haka bari mu fara da dutsen.

Dutsen da zagayen da yake yi

Dutsen farar ƙasa yawanci ya samo asali ne daga ɓawon halittun ruwa da suka taru a ƙasan teku tun zamanin da, suka danne juna har suka haɗe. Sinadarinsa shi ne kalsiyam kabonet, irin wanda ke cikin ɓawon ƙwai da na dodon koɗi. Ba shi da tauri sosai. A ma'aunin Mohs na taurin duwatsu yana mataki na 3, gilashi kuwa wajen 5.5, shi ya sa wuƙa take karce shi ba wahala. Babbar alamarsa ita ce in ka kankare shi ka ɗiga masa ruwan lemun tsami ko khal, zai fitar da ƙananan kumfa.

Idan aka ƙona shi a wuta mai zafin da ya kai digiri 900, iskar kabon da ke cikinsa takan fita. Kilo 100 na tsantsar dutse yakan koma kilo 56. Abin da ya rage shi ne farar ƙasa mai zafi. In aka haɗa kilo 56 ɗin nan da ruwa, sai ya haɗiye kilo 18 na ruwan, ya fitar da zafi mai tsanani, ya zama kilo 74 na farar ƙasa mai sanyi. Ita ce ake shafawa. A jikin bango kuma sai ta riƙa jan iskar kabon daga sarari a hankali har ta koma ainihin sinadarin dutsen da aka ƙona tun farko. Iskar nan sai ta narke cikin ɗan ruwa kafin ta shiga aiki. In bango ya bushe ƙarƙar tun aikin bai yi nisa ba, abin da zai rage maka gari ne kawai a manne.

Kumasi ba a kan wannan dutsen take zaune ba. Tsakuwar da tifofi ke kawowa wurin gini daga wuraren fasa dutse na kewayen gari giranit ce, ko ka zuba mata lemun tsami kwalba guda ba za ta motsa ba. Wuraren da aka san da dutsen farar ƙasa a Gana su ne Oterkpolu a Yankin Gabas, Nauli a Yankin Yamma, Buipe a kan hanyar Tamale inda akwai masana'antar siminti, da Bongo-Da can arewa. Mutanen bakin kogin Volta ta wajen Sogakope da Ada suna da tasu hanyar, wato ɓawon kawa, wanda ake ƙonawa a sami farar ƙasa, ko a niƙa a sa cikin abincin kaji masu ƙwai. Masu haƙar zinariya ma na shan farar ƙasa da yawa wajen tace zinariya, haka masu tace ruwan famfo. Mu dai namu na bango ne.

Mataki na farko: ka san abin da ke cikin buhu

Nan ne mutane da yawa suke faɗuwa tun ba a fara ba, domin farin gari iri-iri ne a shagunan kayan gini da na abincin kaji, kuma ba kowane mai shago ne ya san bambancinsu ba. Ka roƙi ɗan kaɗan a tafin cokali, ka gwada kafin ka biya.

Niƙaƙƙen dutse wanda ba a ƙona ba yana da ɗan garas-garas a yatsa, in ka zuba shi a ruwa sai ya kwanta a ƙasa, in ka ɗiga masa lemun tsami sai ya yi kumfa sosai. Na gona ne da na kaji. Ba ya kama bango ko kaɗan. Garin POP na silin kuwa in ka kwaɓa shi, cikin 'yan mintoci zai daskare ya yi tauri, shi ma ba shi muke nema ba. Akwai kuma farin yumɓun nan da ake gasawa a sayar a kasuwa, wanda ake kira ayilo. Ba ya kumfa, ba ya komawa dutse, ruwan sama na farko zai wanke shi.

Farar ƙasa mai zafi takan zo a dunƙule ko a ɓarje. Ɗan gutsure cikin ruwa zai yi ta huci, ya farfashe, gwangwanin ya ɗau zafi. Mai sanyi kuwa gari ce mai laushi ƙwarai, marar nauyi, ba ta ɗumama ruwa. Ga mai aikin gida, mai sanyi nake ba da shawara. Amma ka duba sabunta: idan buhun ya daɗe a buɗe a shago, ta riga ta sha iska ta koma dutse tun tana cikin buhu. Sabuwa kumfarta kaɗan ce in ta haɗu da lemun tsami. In ka ga tana tafarfasa kamar niƙaƙƙen dutse, ko ta yi gudaji masu tauri, ka bar masa kayansa.

Akwai wata hanyar da masu zuwa Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, suka sani. Masu walda da kabayid sukan zubar da wani farin taɓo bayan gas ɗin ya ƙare, wannan taɓon farar ƙasa mai sanyi ce. Tana aiki, sai dai launinta ya ɗan yi toka-toka, tana da wari, kuma wani lokaci da sauran kabayid a ciki da bai gama fitar da gas ba. In za ka yi amfani da ita, ka bar ta cikin ruwa a fili, nesa da wuta, har warin ya tafi, kuma ka tsaya da ita a katangar waje da akurki. Ni ba zan kai ta ɗakin kwana ba.

Mataki na biyu: kayan aiki da kariya

Kana buƙatar ganga ko babban bokiti mai murfi, ƙaramin bokiti na shafi, sandar motsawa, rariya ko tsohon gidan sauro don tacewa, babban buroshi mai kaurin gashi, abin kankara, da abin yayyafa ruwa. Kada ka taɓa sa farar ƙasa a tukunyar alminiyam, irin manyan nan na dafa abincin biki, domin tana cin alminiyam. Mai zafi kuma sai gangar ƙarfe, roba narkewa za ta yi.

Tabarau mai rufe gefen ido ba kwalliya ba ne a wannan aikin. Ruwan farar ƙasa yana da kaifin da ya haura 12 a ma'aunin pH, yana iya ƙona ido ya bar tabo na har abada. Ka sa safar hannu ta roba, riga mai dogon hannu, ka rufe hanci lokacin juye gari. In ta fantsama a ido, kada a murza. A buɗe idon a yi ta kwarara masa ruwa mai tsabta na minti ashirin ko fiye, sannan a wuce asibiti a ranar, ko da zafin ya lafa. A gidan haya mai yara da yawa, ganga ta zauna inda ake kullewa.

Mataki na uku: jiƙo

Wannan ne matakin da masu gaggawa suke tsallakewa, kuma shi ne rabin aikin.

Idan mai sanyi ce, zuba ruwa a ganga tukuna, sannan ka riƙa barbaɗa garin kana motsawa har kwaɓin ya yi kaurin da in ka kafa sanda za ta tsaya. Ƙara ruwa a kai ya rufe shi da kamar faɗin yatsu uku, ka sa murfi. Mafi ƙaranci ya kwana ɗaya. In ya sami mako, ya fi. Jiƙon yana sa kowane ƙwayar gari ta sha ruwa ta yi laushi, sai ta bi buroshi sumul, ta shiga ƙofofin bango maimakon ta zauna a sama.

Idan mai zafi ce, a fili za a yi aikin. Ruwa ya riga shiga ganga, kamar ninki uku na yawan farar ƙasar, sannan a riƙa jefa ta kaɗan-kaɗan da shebur. Ba a zuba ruwa a kan tulinta, domin tana iya tartsatsi ta watso maka a fuska. Za ta tafasa da kanta ba wuta, tururi ya tashi. Tsaya ta inda iska ke fitowa, ka motsa da doguwar sanda don kada wani ɓangare ya ƙafe. In tafasar ta kwanta, rufe da ruwa ka bar ta aƙalla mako biyu. Dalili shi ne ƙananan gutsattsarin da ba su gama shan ruwa ba, in suka hau bango, can za su kumbura su fasa shafin.

Muddin ruwa na rufe da kwaɓin, ba ya lalacewa, sai ma ƙara kyau da yake yi da daɗewa. Don haka mai son gidansa ya yi fes ranar Sallah, ko ranar da za a kawo amarya, ya jiƙa tun da saura mako uku.

Mataki na huɗu: gyaran bango

Farar ƙasa tana son bangon da ke shan ruwa: ginin ƙasa, bulo, shafen siminti wanda ba a goge shi ya yi santsi ba. Ba ta kama fentin mai, kuma a kan fentin ruwa ma riƙonta ba shi da tabbas. Gwajin mai sauƙi ne. Watsa wa bangon ruwa da hannu. In ya shanye, wurin ya yi duhu, to za ta kama. In ruwan ya gangaro, sai an kankare.

Kankare duk abin da ya ɓamɓare, ka goge gansakuka da funfuna da buroshin waya, ka share ƙura. Tsaga da ramuka a cike su da kwaɓin farar ƙasa kashi ɗaya da yashi mai laushi kashi uku, a ba su kwana biyu. Sabon shafen siminti a bar shi ya yi kamar wata guda.

Ga masu tsohon ginin ƙasa, kuma har yanzu akwai su a Zango, kada a ruɗe ku da cewa a shafe shi da siminti tukuna don ya yi ƙarko. Abin da ya sami masallacin Larabanga, tsohon ginin ƙasa a arewacin Gana, ya isa darasi. A shekarun 1970 an shafe shi da siminti da niyyar kare shi, sai simintin ya kulle laima a cikin ginin, itacen ciki ya ruɓe, gara ta shiga. A 2002 ƙungiyar World Monuments Fund ta sa shi cikin jerinta na wuraren tarihi na duniya da ke cikin haɗari, gyaran da ya biyo baya kuwa ya haɗa da ɓamɓare simintin a koma yaɓen ƙasa. Farar ƙasa tana barin laima ta fita ta jikinta, wannan ce babbar falalarta a gari mai ruwa kamar Kumasi.

Mataki na biyar: tsinkawa

Ɗebi kwaɓi awo ɗaya, ruwa awo biyu zuwa uku. Ko da olonka ka auna ko da gwangwanin fenti, abin lura dai mazubi ɗaya ne ga duka biyun. Dama sosai, ka tace a ƙaramin bokiti. Kaurin da ake so shi ne na madarar shanu sabuwar tatsa. Idonka zai ce maka ta yi salala da yawa. Kada ka saurare shi.

A lissafi, ɗaki mai ƙafa 12 kowane gefe yana da bango wajen murabba'in mita 40 in an cire ƙofa da taga. Lita ɗaya takan rufe kamar murabba'in mita 4 zuwa 6, gwargwadon shan bangon, wato bokiti guda a kowane zagaye. Buhu mai kilo 25 zai yi ɗaki uku ba tare da an matse ba.

Sai maganar abin da ake ƙarawa, inda kowane magini yake da nasa sirrin. Gishiri shi ya fi shahara, kuma akwai hikima a ciki, domin yana jan laima ya hana shafin saurin bushewa. Amma wannan halin nasa ba ya ƙarewa bayan an gama aiki. A bangon da dama yake jan ruwa daga ƙasa, gishiri ƙara masa ciwo yake yi, kuma yana sa ƙusa da ƙarfen taga tsatsa. A akurki ko katanga, ɗan dintsi cikin bokiti ba laifi. A bangon ɗaki, na fi son a bar shi a kula da yayyafi.

Don bangon waje da ruwan sama ke duka, magabata kan sa kitse ko mai. Hanyar da ta fi kyau ita ce a jefa shi lokacin da mai zafi take tafasa, sai ya narke ya haɗe da ita. Kitsen shanu ko man kaɗe duk suna yi, kaɗan ake sawa, kamar cokali biyu ga bokiti. In da mai sanyi kake aiki, narkar da man, ka haɗa da ruwan zafi, ka buga shi sosai cikin kwaɓin. Ka ajiye mai man don zagayen ƙarshe kawai, domin wani shafin ba ya kama kansa da kyau.

Ɗan bula na wanki yana ƙara wa farin haske. Mai son launi ya nemi garin kala irin wanda ake sa wa siminti, ja ko rawaya, domin shi ne ke jure kaifin farar ƙasa. Kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na nauyin garin, a jiƙa shi daban da ruwan ɗumi, kuma a haɗa na bango guda gaba ɗaya, don da wuya haɗi biyu su zo daidai. Launin yakan yi haske sosai bayan ya bushe, sai ka gwada a wani lungu ka jira gobe.

Mataki na shida: shafi

Zaɓi lokaci. Hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, shi ne mafi wahala, domin busasshiyar iska na zuƙe ruwan kafin komai ya faru. Tsakiyar damina, wajen Mayu da Yuni, ruwa zai wanke na waje. Watan Agusta, lokacin da ruwa yake ɗan tsagaitawa, gari ya yi lumshi da sanyi, ya fi kowane dacewa a Kumasi. In dole sai an yi da rani, a fara bayan Asuba ko bayan La'asar, a bi inuwa: bangon yamma da safe, na gabas da yamma.

Yayyafa wa bangon ruwa har ya yi duhu, ka dakata ƙyallin ruwan ya ɓace. Damshi ake so, ba ɗiga ba. Yi haka gaba-gaba, daidai inda za ka shafa cikin rabin awa.

Fara daga sama. Tsoma buroshi, ka cuɗa shi a bangon da ɗan ƙarfi, a gicciye, hagu da dama sannan sama da ƙasa, don ta shiga ƙofofi. Motsa bokiti duk bayan tsomi biyu ko uku, saboda garin na kwanciya, in ba haka ba za ka fara da ruwa ka ƙare da kwaɓi. Kada ka tsaya a tsakiyar bango, kai kusurwa tukuna.

Ga inda ake yin ɓarna: tana jiƙe ba ta rufe komai. Za ka ga bangon kamar ruwa kawai aka shafa masa, maigida ya leƙo ya ce, "Malam, wannan ai ba ta fito ba, ƙara mata gari." Kada a ƙara. Bayan 'yan sa'o'i farin zai bayyana. Shafi mai kauri tsattsagewa yake yi, samansa ya bushe, cikinsa bai sami iska ba, shi ne wanda ke bin riga.

Bar kwana guda tsakanin zagaye da zagaye, kuma kafin kowanne a sake yayyafi. Cikin ɗaki zagaye uku ya isa, waje huɗu ko biyar, sabon bango ma haka. In iska ta bushe, fesa wa bangon ruwa sama-sama safe da yamma na kwana biyu ko uku bayan zagayen ƙarshe, ko ka rataya jiƙaƙƙun buhunan koko a gabansa ba tare da sun taɓa shi ba. In hadari ya haɗu, rufe da leda.

Bayan mako guda, goga tafin hannunka. Ɗan fari kaɗan ba komai, zai ragu. In hannu ya fito fari fat, ɗaya cikin uku ne ya faru: garin tsoho ne, ko an yi kauri, ko ta bushe da wuri. Maganin shi ne a goge da busasshen buroshi har abin da bai kama ba ya zube, a jiƙa, a sake da salala. Wanda ya fantsama a tayil ko gilashi a goge shi nan take da jiƙaƙƙen tsumma, in ya riga ya bushe a sa masa khal.

Abin da ya rage a ganga

Kada a zubar a kwata. Rufe shi da ruwa, zai jira ka har baɗi, lokacin da bangon waje zai nemi zagaye ɗaya na sabuntawa. Kafin nan yana da amfani a akurkin kaji bayan an share shi, a bar shi ya bushe sarai kafin a mayar da su. Ana shafa shi a gindin mangwaro ko lemu don kare ɓawo daga zafin rana, ɗan kaɗan kuma a bakin shadda yana rage wari da ƙuda, amma banda masai mai tankin ƙasa, domin yana kashe ƙwayoyin da ke narkar da ƙazantar.

Masu lambu a bayan gida su lura cewa ƙasar yankin daji irin ta Asante takan yi tsami, kuma farar ƙasa na rage shi. Sai dai a nan niƙaƙƙen dutsen da muka ƙi saya don bango shi ya fi dacewa, domin a hankali yake aiki, ba ya ƙona saiwa. Ko wanne aka zuba, a cuɗa shi da ƙasa makonni kafin shuka, kuma kada a haɗa shi rana ɗaya da kashin kaji ko takin zamani mai amoniya, domin ƙarfin takin zai bi iska.